ASHE ƘARYA TAKAN YI 'YA'YA

Kada mai karatu ya firgita da kan wannan magana. Ba mu zo mu rushe karin maganar kakanninmu ba, wadda ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A kan ƙaryar baki, maganarsu tana nan daram. Ƙaryar da muke nufi yau ita ce ɗan itacen nan mai kaurin gindi da rassa masu taushi, wanda yakan kaɗe ganyensa sarai sa'ad da hunturu ya shigo, sa'an nan ya ɓarke da fure ruwan hoda mai jan baki a daidai lokacin da ciyawa ta bushe, ƙura kuma ta rufe gari. Da yawanmu mun taso muna ganinta a ƙofar gida, ko a bakin danga, ko a harabar makaranta da majami'a da asibiti. Mutanen dā sun lura tana cika da fure kowace shekara, amma da wuya a ga ɗa ko guda a jikinta, shi ya sa suka laƙa mata wannan suna.

Abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne, a 'yan shekarun nan ta koma kayan kasuwa. Masu sayar da furanni a bakin titi a Abuja da Kaduna da Jos suna jera ta cikin tukwane, mutane suna saye da tsada, su kai gida, bayan wata uku ko huɗu kuma ta mutu a hannunsu. Mu ma ba mu tsira ba. Akwai wata da muka dasa a gaban ɗakinmu, ta yi shekara biyu lafiya. Da watan Disamba ya zo sai ganyenta ya yi rawaya ya fara zuba. Muka ce ƙishi ne, muka sa yaro ya riƙa zuba mata bokiti guda safe da yamma. Kafin ƙarshen Janairu, da muka danna gindinta da yatsa, sai yatsan ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. A wannan mako ɗin kuwa, wata 'yar'uwarta da ke bayan wani kango, wadda ba wanda ya taɓa ba ta ko da moɗa guda, ta cika da fure har ba a ganin rassanta. Tausayinmu ne ya kashe tamu, ba rani ba.

Inda ta fito

In mutum ya san gidan da ƙarya ta fito, rabin aikin ya ƙare. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tana fitowa da kanta a busassun ƙasashe tun daga Senegal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha da Somaliya da Kenya da Tanzaniya, ta kuma haye Bahar Maliya zuwa Yaman da kudancin ƙasar Larabawa. Wuraren da take so su ne gangaren dutse da ƙasa mai tsakuwa ko rairayi, inda ruwa ba ya kwana. A daji takan kai tsawon mita 2 ko 3, wani lokaci ta wuce haka.

Masana suna kiranta Adenium obesum. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin mai suna Peter Forsskal ne ya fara rubuta bayaninta. Yana cikin ayarin masana da sarkin Denmak ya aika ƙasar Larabawa a 1761, ya gan ta a Yaman, amma zazzaɓi ya kashe shi a can a 1763, sai a 1775 aka buga abin da ya rubuta. A 1819 aka raɗa mata sunan Adenium, daga sunan birnin Aden. Kalmar obesum kuwa ma'anarta mai ƙiba. Turawa suna ce mata wardin hamada, ko da yake ba ta haɗa komai da wardi ba. Danginta na gaskiya su ne tumfafiya da kwankwani, za mu kuwa komo kan wannan dangantaka, gama akwai magana a cikinta.

Wannan ƙibar ta gindi ita ce asirinta. Tulu ne. Da damina takan sha ruwa ta tara a gindi da manyan saiwoyi, kamar dai yadda kuka take yi. Sa'ad da iskar hunturu ta fara busawa, sai ta zubar da ganye, gama ta ganye ne itace yake asarar ruwa. Daga nan sai ta zauna a kan abin da ta tara. Haka yawancin itatuwan dajinmu suke yi, in ban da gawo da ya saba wa kowa, ya yi ganye da rani ya kaɗe da damina. Saboda haka ƙaryar da ta tsaya tsirara a watan Janairu ba ciwo take yi ba, hutu take. Saiwoyinta ba sa shan ruwa sosai a lokacin. Duk abin da aka zuba mata zai zauna ne a ƙasa mai sanyi, ya kawo ruɓa.

Wurin dasawa da irin ƙasa

Rana take so, ba wasa. A nema mata wurin da za ta sami rana aƙalla sa'a shida a yini. Wadda aka sa a ƙarƙashin mangwaro ko a cikin falo za ta yi dogayen rassa sirara, ganye kore shar, amma fure sai dai a gani a gidan maƙwabta.

Sai kuma a dubi inda ruwa yake bi a gidan. Kada a dasa ta ƙarƙashin indararo, ko inda ruwan kwano yake zuba, ko kusa da wurin wanke-wanke. In ƙasar gidan jigawa ce, ana iya haƙa rami a dasa kawai. In kuwa laka ce, irin wadda take danƙo da damina ta tsattsage da rani, to a tara tudu kamar na doya, a gauraya shi da rairayi da tsakuwa, a dasa ta a bisa. Kada a binne kaurin gindin nan. A bar shi a waje ya sha iska, saiwoyi kaɗai za su shiga ƙasa.

Ga mai son tukunya, ga haɗin da ya yi mana aiki: kashi biyu na rairayin rafi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya na dakakken gawayi ko ɓurɓushin fasasshiyar tukunya, kashi ɗaya kuma na takin gida da ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ba ya cikin lissafi, zai ƙone saiwa. Gwajin haɗin mai sauƙi ne. A zuba ruwa a tukunyar, in ya fito ta ƙasa nan da nan, haɗin ya yi. In ya tsaya a sama yana kallonka, a ƙara rairayi.

Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi ta roba, domin jikinta yana numfashi, ƙasa tana saurin bushewa. Mai fāɗi marar zurfi, irin kasko, ta fi dogon tulu. Ko wace iri ce dai, dole a huda gindinta, a kuma ɗora ta a kan duwatsu uku don ruwa ya sami hanya. Mun sha ganin ƙarya a cikin kyakkyawar tukunyar siminti mai fenti, ba huda ko ɗaya. Wannan ba tukunya ba ce, rijiya ce.

A nan ya kamata mu bambanta tsakanin masu karatunmu, gama ba sama ɗaya muke ƙarƙashinta ba. Wanda yake Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri, inda ruwan shekara ba ya cika kaiwa milimita 800, zai iya dasa ta a ƙasa ya manta da ita. 'Yan'uwanmu na Jos da Kafanchan da Wukari kuwa, inda ruwan shekara yakan wuce milimita 1,000 da nisa, gara su yi amfani da tukunya, domin in marka ta kankama a watan Agusta su iya jawo ta ƙarƙashin baranda. Mutanen kan dutsen Filato suna da ƙarin abu guda. Ƙarya ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, daren Disamba da Janairu kuwa a Jos yakan kusanci haka. Sanyi shi kaɗai ba ya cika kashe ta. Sanyi tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ajalinta.

Ban ruwa

Ƙa'idar ba ta da wuya, riƙe ta ne da wuya, musamman a gidan da kowa yake da hannu a kan buta. In tana da ganye tana girma, a ba ta ruwa sosai har ya fito ta gindin tukunya, sa'an nan a bar ta sai ƙasar ta bushe. A soka yatsa ko kara ya shiga kamar tsawon ɗan yatsa, in ya fito da laima, ba yau ba. Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta a Maris da Afrilu, tukunya takan bushe cikin kwana uku ko huɗu, a lokacin kuwa tana shan ruwa da gaske. Da damina sama ta ɗauke maka aikin. Da hunturu, in ganye ya zuba, wadda take a ƙasa ba ta bukatar komai, ta tukunya kuma ɗan ruwa kaɗan sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa. Shawararmu ita ce a ɗora aikin a kan mutum ɗaya a gidan. In uwargida ta zuba da safe, maigida ya zuba da ya dawo aiki, yara kuma suka juye mata ragowar ruwan wanke hannu, ba wanda zai ce shi ne ya yi kisan.

Gindin ne yake faɗin gaskiyar lafiyarta. In ka danna ka ji shi da tauri kamar ɗanyen rogo, lafiya lau. In ya ɗan yanƙwane amma bai yi laushi ba, ƙishi ne, ruwa zai mayar da shi cikin 'yan kwanaki. In kuwa ya yi laushi, ya canza launi zuwa baƙi-baƙi, ko yana wari, ruɓa ta shiga, kada a jira gobe. A tumɓuke ta, a kakkaɓe ƙasar, a sa wuƙa mai kaifi a yanke duk inda ya ruɓe har sai an kai ga farin nama mai tsabta, ana goge wuƙar bayan kowane yanka. A barbaɗa toka ko garin gawayi a wurin, a rataye ta a inuwa inda iska take bi har kwana bakwai ko goma. Ba za ta mutu ba, tana da guzuri. Bayan haka a mayar da ita cikin sabon haɗi busasshe, kada ta ga ruwa sai bayan mako guda. Da mun san wannan a lokacin da tamu ta kamu, watakila da tana nan. In ruɓar ta cinye gindin duka, a yanke rassan da suke da sauran lafiya a dasa su, a ƙalla iri bai ɓata ba.

Taki kuwa kaɗan take so. Ɗan cokalin shayi guda na takin zamani mai lamba 15-15-15, a barbaɗa a gefen tukunya nesa da gindi, sau biyu ko uku tsakanin farkon damina da ƙarshenta. Kada a ba ta yuriya irin ta masara, za ta yi ganye ta manta da fure. Da hunturu ba taki sam.

Maganar da ta fi kowace nauyi

Kafin mu kai ga sassabe da yankan reshe, dole mu tsaya a nan. Ƙarya dafi ce. Ba wani sashe nata ba, dukanta: ganye, fure, ɓawo, saiwa, da ruwan nan mai yauƙi da yake fitowa in an karya reshe.

Mun ce 'yar'uwar kwankwani ce. Tsofaffin maharbanmu sun san kwankwani, gama da 'ya'yansa ake dafa dafin kibiya. Irin gubar da take cikinsa, danginta ne yake cikin ƙarya. Masana sun ware irinta fiye da 30 a jikin wannan ɗan itace. Aikinta a kan zuciya ne, takan rikita bugunta, in ta yi yawa ta tsayar da ita. Akwai maganin asibiti mai suna digoksin da likitoci suke ba wasu masu ciwon zuciya, aikinsu iri ɗaya ne, amma shi likita auna shi yake yi da ƙanƙanin awo, yana kuma bin mai jinya da gwaji, gama tsakanin abin da yake warkarwa da abin da yake kisa tazarar kaɗan ce. Maharban Hadza na ƙasar Tanzaniya suna tafasa ruwan ƙarya har ya yi kauri su shafa a kan kibiya, su ka da manyan namun daji da shi. A wurare da dama kuma an yi amfani da ita wajen kashe kifi a tafki. Masu bincike a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan ɓawonta a kan tarwaɗa, suka ga yadda yake lalata mata wurin numfashi. Duk mai kiwon kifi a bayan gida sai ya lura, kada ya dasa ta a bakin kududdufinsa, kada kuma a wanke wuƙar da aka yanke ta a ciki.

Ba muna cewa a tumɓuke ta daga gidaje ba. Ɗacinta yana da tsanani, shi ya sa yaro ko dabba ba su cika haɗiye ta ba. Amma yaro mai rarrafe ba ya tambaya kafin ya kai abu baki, 'yan mata ƙanana kuma suna son tsinke furen su yi wasan girki da shi. Don haka a gidan da akwai ƙananan yara, a ɗora tukunyar a inda hannunsu ba ya kai. A makarantun yara da filin da suke wasa bayan sujada, mu dai a ganinmu gara a nemi wani furen dabam, ko kuwa a kewaye ta. Awaki sukan guje ta, amma ba mu dogara ga hankalin akuya mai yunwa a watan Afrilu ba. Rassan da aka yanke kada a jefa su inda dabbobi suke kiwo. A haƙa rami a binne. Kada a yi asuwaki da su, kada a yi tsinken nama, kada a sa su a murhu.

Mun san akwai masu jiƙa saiwarta ko ɓawonta a sha da sunan magani. Muna roƙon jama'a su guji wannan, gama ba mai iya auna ƙarfin gubar da ido. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya tauna, alamun da za a gani su ne amai, da zubar yawu, da ciwon ciki, da jiri, da kasala, bugun zuciya kuma ya ragu ko ya rikice. Kada a tsaya jiran alamun. Kada a ɗura masa manja ko madara a ce an karya dafin, ba sa karya shi, lokaci kawai suke ci. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure, a garzaya asibiti tare da reshen itacen don likita ya san abin da yake fama da shi. In ruwanta ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a je a duba.

Saboda haka duk sa'ad da za a yanke ta, a sa safar hannu, in babu a ɗaura leda. A kiyaye ido. A wanke hannu da wuƙa da sabulu in an gama.

Sassabe yana da amfani, gama a kan sabon toho take yin fure, reshe ɗaya da aka datse kuma yakan fitar da biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da iska take bushe, miki zai warke da sauri, ga kuma zafi yana tafe da zai tayar da toho. Za a yi asarar furen 'yan makonni, amma za ta biya da riba. A yi yankan a karkace don kada ruwa ya zauna a kai, a shafa toka. Kada a yi sassabe da marka. Bayan shekara biyu ko uku kuma a sāke mata ƙasa, a ɗan ɗaga ta sama da yadda take kamar faɗin yatsa biyu, domin manyan saiwoyin su bayyana. Wannan shi yake ba ta siffar nan ta ƙaramar kuka da masu saye suke so.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Akwai darɓa mai launin rawaya, irin wadda ake gani a jikin tumfafiya, takan taru a kan toho. Akwai wasu farare kamar auduga da suke maƙalewa a hammatar ganye. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da aka jiƙa kwana guda aka tace, a fesa da yamma, yana maganinsu. Akwai kuma wata koriyar tsutsa mai kaurin yatsa da za ta iya cinye ganyen reshe guda a dare ɗaya. Ita ba ta bukatar magani, a neme ta da sassafe a cire.

To, ina 'ya'yan?

Yadda kowa ya saba samun ƙarya shi ne ya roƙi reshe a gidan maƙwabci. Hanya ce mai kyau. A yanki reshe mai ƙwari kamar tsawon taƙi guda, a cire yawancin ganyen, a ajiye shi a inuwa kwana biyar ko mako guda har bakin yankan ya bushe, sa'an nan a soka shi cikin rairayi mai ɗan laima. Da bazara ake yi. Cikin wata guda ko ɗaya da rabi zai yi saiwa. Wanda ya yanka ya dasa nan take, ya bi da ruwa, ruɓa zai girba.

Amma a cikin wannan al'ada ne amsar tambayarmu take. Reshen da aka dasa ba ɗan uwar ba ne, ita ce da kanta aka raba. In gida ashirin a unguwa suka karɓi reshe daga hannu zuwa hannu, to itace ɗaya ne yake tsaye a wuri ashirin. Kowane manomi ya san masara ba ta ƙwaya sai garin da yake zubowa daga kanta ya sauka a gemu. Haka fure yake, sai gari ya kai ga wurin da zai karɓe shi. Ita ƙarya kuwa, galibi ba ta karɓar garin jikinta, sai na wata dabam wadda ba tushensu ɗaya ba. Ban da wannan, an gina furen da wuyar shiga. In ka leƙa cikinsa za ka ga wasu zaruruwa biyar masu gashi, a can ƙasansu akwai ɗan kumburi kamar hula, garin yana ɓoye a cikin hular, wurin karɓarsa kuma yana ƙarƙashi. Iska ba ta iya wannan aiki. Sai ƙwaro mai dogon baki siriri. A daji, inda kowace ƙarya daga ƙwayarta ta fito, ƙwarin kuma suna nan, tana yin 'ya'ya sarai. A cikin gari ne aka bar ta ita kaɗai, sa'an nan aka yi mata suna.

Mai son ya gani da idonsa, sai ya nemi ƙarya biyu da ba daga gida ɗaya suka fito ba. In launin furensu ya bambanta, wannan alama ce mai kyau. Da safe a zaɓi furen da ya buɗe jiya ko shekaranjiya. A tsaga gefensa a hankali har a ga hular, a ja zaruruwan don ta buɗe, a sa jiƙaƙƙen tsinken sakace a ɗebo garin, ɗan kaɗan ne fari-fari. Sai a tsaga furen ɗaya itacen haka nan, a buɗe hularsa, a shafa garin a ƙarƙashin ɗan kan da yake tsakiya, ba a bisansa ba. A rufe tsagar. Ba kowane gwaji yake kamawa ba, mu sai da muka ɓata fure fiye da goma. In ya kama, furen zai faɗi, bayan mako ɗaya ko biyu sai a ga wasu 'yan kore guda biyu sun leƙo. Za su yi ta tsawo, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar ƙahonin sa, har su kai taƙi guda ko kusa da haka.

Sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Tun kafin lokacin a naɗe kowane kwanso da zare, ba da ƙarfi ba. Dalili kuwa, ranar da ya tsage, 'ya'yan da suke ciki sirara ne kamar guntun tsinke, kowanne da gashi mai laushi a kai da gindi, irin na tumfafiya, iska kaɗan ta isa ta kwashe su duka kafin ka dawo daga kasuwa. In ya tsage cikin zaren, sai a cire, a tsige gashin, a shuka da wuri, gama ba sa jure ajiya. A kwantar da su a kwance a kan rairayi mai laima, a rufe da ɗan rairayi kaɗan, a ajiye a wuri mai haske amma ba tsakar rana ba. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko biyu. Su jariran, ba kamar uwarsu ba, ba sa son ƙasa ta bushe ƙaf a watanninsu na fari. In an kula da su sukan yi furen fari cikin shekara ɗaya ko biyu.

Wahalar tana da lada biyu. Wadda ta fito daga ƙwaya ita ce take yin ƙaton gindin nan tun tana ƙarama, ta reshe kuwa takan daɗe tana siririya, kaurinta yana ɓoye a ƙasa. Na biyu, kowace ƙwaya da irin furenta, wata ta fi uwar ja, wata ta fi ta fari. Ta haka ne masu lambuna a Tailan da Taiwan suka yi shekaru suna zaɓe, har suka fitar da masu fure ninki-ninki, da ja wur, da fari fat, da masu zane. Su ne masu tsadar nan da ake shigowa da su. Yawancinsu aure aka yi musu, wato an ɗora reshen mai kyan fure a kan gindin wadda ta fito daga ƙwaya, in ka duba za ka ga tabon. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman, a wayi gari furen da aka biya kuɗi dominsa ya ɓace. 'Ya'yansu kuma ba lalle su gāji furen uwar ba. Masu tallar iri a intanet da hoton fure shuɗi kamar an tsoma a baba, a bar musu kayansu, gama wannan itace ba ya yin shuɗin fure. A nan kam sunan ya dace da mai talla.

Kwanson farko da muka samu, mun ƙirga 'ya'yan da muka shuka a cikin wani tsohon kasko a bayan ɗaki, muka rufe shi da tsohuwar rariya saboda kaji. A rana ta shida muka ga rairayin ya fara tsagewa. Da suka cika wata biyu, kowanne ya yi ganye huɗu da ɗan ciki kamar ƙwayar gyaɗa. Mun raba wa maƙwabta bakwai, kowa da gargaɗinsa game da yara da buta. Sauran suna nan a kan katanga, inda akuya ba ta kai, muna jiran mu ga launin da kowannensu zai fito da shi.